Kafin Mu Ce Nas Ba Ta Da Imani, A Kawo Mudu

A fitowar da ta wuce mun buga wasiƙar wani ɗan uwa da ya rasa matarsa wajen haihuwa. Mun buga ta yadda ya rubuto, ko harafi ba mu cire ba, domin wanda aka yi wa mutuwa yana da haƙƙin a saurare shi. Allah Ya jiƙanta, Ya raya abin da ta bari. A ƙarshen wasiƙar ya ce malaman asibiti ba su da imani ko na ƙwayar zarra, kuma mun san rabin Sabo sun gyaɗa kai da suka karanta.

Bayan sati biyu, a zaman kwamitin unguwa na ranar Lahadi, wata 'yarmu ta miƙe da takarda a hannu. Nas ce, haifaffiyar nan, kowa ya san gidansu. Ta ce akwai wata takardar tambayoyi da ake auna ƙunar zucin ma'aikatan lafiya da ita, tana neman kwamiti ya mara mata baya a tara 'ya'yan unguwa da ke aikin asibiti, da waɗanda ke aiki a ƙananan asibitocin da muke zuwa, su cika. Wani dattijo ya ce, "Yarinya, yanzu baƙin cikin ma da mudu ake aunawa kamar gero?" Wani ya ƙara da cewa, "Kinibibin Turawa ne kawai. Mu haƙuri aka koya mana." Aka yi dariya, aka shafa fatiha, aka watse. Ta naɗe takardarta ta sa a jaka.

Mu a wannan mujalla muna tare da yarinyar nan, kuma za mu faɗi dalili. Iyayenmu su yi mana afuwa, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Wace ƙuna ce ake magana?

Mun bi ta gida mun tambaye ta abin da take nufi. Sai ta ba mu labarin wani dare a asibitin da take aiki, wanda ba za mu ambaci sunansa ba. Wajen ƙarfe biyu aka kawo wani ɗan acaɓa da mota ta buge, jini na zuba ta ciki. Likita ya duba ya ce tiyata, da jini leda biyu. Mai karɓar kuɗi ya ce sai an ajiye wani abu tukuna, haka dokar gidan take, kuma ɗakin ajiyar kaya ba ya buɗuwa sai da rasit. Abokan yaron suka bazama neman maigidansu. Ita kuwa ta sa masa ƙarin ruwa da kuɗin aljihunta, ta tsaya a kansa tana ƙirga bugun jininsa yana raguwa. Da asuba suka dawo da kuɗin a cikin leda, suka tarar an rufe shi da zane. Ɗan uwansa ya dube ta ya ce, "Allah Ya isa tsakaninmu da ke."

Ta ce mana, "Yaya, mutuwa ai kullum muna ganinta, ba ita ke hana ni barci ba. Na san abin da ya kamata a yi masa, hannuna ya iya, kayan kuma suna bayan ƙofa ɗaya tal. Ni na tsaya ina kallo."

To wannan ita ce ƙunar da ake magana. Daban take da gajiya, domin gajiya barci na maganinta. Daban take da ƙorafin albashi, domin ko an ninka mata albashi yaron nan ba zai fita daga ranta ba. Ƙuna ce ta mutumin da ya san daidai, aka hana shi aikata daidai ɗin, sannan aka sa hannunsa a cikin abin da yake ganin zalunci ne. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Wani masanin falsafa ɗan Amurka, Andrew Jameton, shi ya fara ba wa abin suna a littafin da ya rubuta kan aikin jinya a 1984. Amma mu da muka haddace Arba'una a Islamiyya ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Hadisi na 34 ya jero matakai uku na kawar da ɓarna: hannu, harshe, sai zuciya ga wanda ya kasa biyun farko. Ku yi tunanin mutumin da aikinsa na kullum ya ajiye shi a mataki na uku, dare da rana, shekara goma. An hana hannunsa, idan ya buɗe baki a ce ya yi wa na gaba rashin kunya, sai zuciyar kaɗai aka bar masa ta yi ta ci.

Yadda ake awon

Wanda ya ce ba a auna irin wannan, ya saurari yadda ake yi tukuna. A 2001 wata malamar jinya a Amurka, Mary Corley, da abokan aikinta suka wallafa ma'aunin farko da ya yi suna, don nas-nas. A 2012 Ann Hamric da nata abokan aikin suka gyara shi ya koma tambaya 21, yadda likitoci da sauran ma'aikata ma za su iya cikawa. A 2019 Elizabeth Epstein ta Jami'ar Bajiniya, tare da Hamric ɗin da wasu, suka fitar da wanda ake yayi yanzu, mai tambaya 27. Shi ne 'yarmu ta riƙo ranar Lahadin nan.

Kowace tambaya wani hali ne da ma'aikaci kan shiga. Misali, a ba ka marasa lafiya fiye da waɗanda za ka iya kula da su lafiya. Ko ka ga majinyaci ya cutu saboda babu kayan aiki ko babu gado. Ko dangi su nace a ci gaba da wahalar da mai jinya da magani alhali ka san ba zai amfane shi ba. Ko ka ga abokin aiki ya yi kuskure, ka ji tsoron faɗa. A kan kowane hali ana tambayarka abu biyu: sau nawa yake faruwa da kai, daga 0 zuwa 4, kuma yaya yake cin ranka, shi ma daga 0 zuwa 4. Sai a ninka wannan da wancan. Abin da kullum yake faruwa kuma yake ƙona rai matuƙa ya ba da 16. Abin da bai taɓa faruwa da kai ba ya ba da 0, komai muninsa. A haɗa duka 27 ɗin, mafi yawan abin da mutum zai samu shi ne 432. A ƙarshe akwai tambayar da mu a wurinmu ta fi sauran nauyi: ka taɓa barin aiki saboda wannan, ko kana tunanin bari yanzu? A binciken da suka gwada ma'aunin da shi, waɗanda suka ce suna tunanin ajiye aiki makinsu ya ɗara na sauran sosai, kuma na nas-nas ya ɗara na likitoci.

Yo ina abin dariya a nan, jama'a? Mu fa mutanen awo ne. Unguwar nan tun kafuwarta a 1916 da goro da shanu ta tashi. Kakanninmu ƙirga goro suke yi ɗari-ɗari su ce ƙwarya, kuma ba ƙirgar kaɗai ba, sai sun duba wane ne daushe, wane ne ƙwaro ya huda. Yawa da nagarta, abu biyu, kamar dai yadda takardar nan take yi. A Bodija da kongo muke sayar wa Yarbawa wake. Zakkar fidda-kai da mudu muke fitarwa. Akwai sura guda a Alƙur'ani da aka sa wa sunan masu tauye mudu. Idan ka je asibiti da ciwo likita kan ce ka faɗa masa zafinsa daga ɗaya zuwa goma, ba wanda ya taɓa ce masa kinibibi yake yi. Mun yarda lamba ba ita ce ƙunar ba, kamar yadda lambar da ke jikin abin awon zazzaɓi ba ita ce zazzaɓin ba. Amfaninta ɗaya ne: tana iya hawa bene. Hawayen nas a ɗakin canza kaya ba ya isa ofishin shugaban asibiti. Takarda mai cewa ma'aikatan sashen gaggawa kaza sun ba wa rashin jini maki 16 tana isa, kuma bayan shekara ana iya sake aunawa a ga ko an gyara ko ƙarya aka yi.

Maganar haƙuri da tawakkali

Baba da ya ce haƙuri aka koya mana ya faɗi gaskiya, sai dai ya sa ta a inda ba wurinta ba. Ana haƙuri da abin da Allah Ya ƙaddara bayan an yi iya yi. Tsohon da ya kai tamanin, aka yi masa duk abin da ya kamata, ya cika, wannan sai Innalillahi. Amma tukunyar iskar numfashi da ta ƙare tun jiya ba a cika ba, wani ne bai sa hannu a takarda ba. Janaretan da ba mai, wani ne ya karkatar da kuɗin. Malamanmu da kansu suke karantar da mu cewa sai an ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Idan muka ce wa nas ta yi haƙuri da abin da mutum ya ɓata, mun wanke mai laifin kenan da sunan addini, mun bar ta da kayan.

Sannan mu tambayi kanmu, wa ke cin ribar shirun nata? Mu dai ba mu ci ba. Mu ne muke kwance a gadon.

"Amma mun gani da idonmu"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma ba za mu yi mata kwana ba. E, mun gani. Mun ga nas da ke daka wa mai naƙuda tsawa. Mun ga wadda ke danna waya mara lafiya na nishi. Mun ga wanda ba ya nemo fayil sai an sa masa wani abu a hannu. Mun ji ana kiran dattijonmu "aboki" da wata murya da ba ta abota ba. Akwai miyagu a cikin farin kaya kamar yadda suke a cikin babbar riga, kuma ba ma neman a yafe wa kowa cin zarafi. Wanda ya yi sakaci da rai a kai ƙararsa, akwai hukumar da ke ba nas-nas da ungozomomi lasisi, akwai ta likitoci, suna da ikon ƙwacewa.

Amma ruwa ba ya tsami banza. Yarinyar da ta shiga makarantar jinya tana shekara goma sha takwas, mun san ta, mun san tausayinta, me ya mayar da ita dutse bayan shekara goma? Epstein da Hamric sun yi bayanin wannan tun 2009. Suka ce idan irin daren nan ya wuce, ƙunar ba ta komawa inda ta faro, wani abu yana kwantawa a ƙasa kamar ƙanzo a gindin tukunya. Dare na biyu ya zo ya hau kan na farko, na uku ya hau kan na biyu. A ƙarshe ɗayan uku ne: ko mutum ya yi ta faɗa da na gaba har a kore shi, ko ya tattara ya bar aikin, ko zuciyar ta yi kanta ya daina ji. Wadda muke kira marar imani, sau da yawa ta ukun ce. Ta koyi kada ta dubi fuskar majinyaci ne domin ta iya dawowa aiki gobe.

Ku dubi tarkon da aka sa su. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta ce ba ma'aikacin lafiya ko asibitin da zai ƙi duba wanda aka kawo a halin gaggawa bisa kowane irin dalili. Wanda ya ƙi, tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyu. A 2017 aka ƙara wata dokar da ta ce a yi wa wanda aka harba magani ko da takardar 'yan sanda ko babu, ko da kuɗi a hannu ko babu. Kyawawan dokoki ne. To amma wa zai biya kuɗin jinin da zaren ɗinkin? Dokar 2014 ta kafa asusun kiwon lafiya na matakin farko, ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗinsa don jinyar gaggawa. Ku tambayi 'ya'yanku da ke aikin dare sau nawa suka ga wannan kuɗi ya buɗe ƙofar ɗakin ajiya da ƙarfe biyu. A ƙasar nan sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun majinyaci yake fitowa kai tsaye. A Abuja, a 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, mu da muka karɓi baƙuncin taron har yau gwamnatin tarayyarmu ba ta kai nan ba. Doka ta ce wa nas ki duba shi ko ki tafi gidan yari. Asibiti ya ce mata idan kika taɓa kaya ba rasit a albashinki za a cire. Gaba kura, baya sayaki. Mu kuma muka zo muka bar jaki muna dukan taiki.

Ga sakamakon nan muna gani. A farkon 2024 magatakardan hukumar nas-nas da ungozomomi ta ƙasa ya faɗa da bakinsa cewa sama da nas 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku, sama da 15,000 daga ciki a 2023 kaɗai. Ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci wajen 16,000 sun fita a 'yan shekarun nan. Maƙwabtanmu suna kiran abin japa. Kowa na cewa kuɗi suka bi, kuma lalle akwai kuɗi a ciki. Amma nawa ne daga cikinsu suka tafi domin sun gaji da rufe mutane da zane alhali sun san yadda za a cece su? Ba a tambaye su ba. Takardar da muka yi wa dariya ita ce ke yin wannan tambayar.

Su ma masu awon muna da magana da su

Kada 'yarmu da abokan karatunta su ɗauka mun sa hannu a kan komai. Muna da sharuɗɗa, kuma da gaske muke.

Na farko, mudun nan a Amurka aka sassaƙa shi. Asalinsa daga ɗakunan masu rai a hannun Allah ya fito, inda babbar damuwar nas ita ce an yi wa mai mutuwa magani fiye da kima, an jona masa na'urori an hana shi tafiya cikin sauƙi. Wanda aka fitar a 2019 ya ƙara tambayoyi kan ƙarancin ma'aikata da kayan aiki, mun yaba. Amma duk da haka ina tambayar da ke cewa: sau nawa ka jira rasit kafin ka ɗaura jini? Sau nawa ka karɓi haihuwa da fitilar waya? Sau nawa aka sa ka tsare wadda ta warke, ko gawa, sai an biya? Sau nawa ka rubuta magani alhali ka san mutumin ba zai iya saye ba, ka kau da kai? Duk Badun ta shaida yadda aka yanke wa asibitin koyarwa na UCH wutar lantarki daga ƙarshen Oktoban 2024 har sama da kwana 100 saboda bashin kuɗin wuta. Wanda ya yi aikin dare a waccan lokacin, a wane layi na takardar zai rubuta abin da ya gani? Ita takardar ta bar gurbi a ƙasa don mutum ya ƙara nasa halin. To a cika gurbin nan da namu, a kuma lissafa shi. Ba a auna gero da ƙwaryar goro.

Na biyu, harshe. Takardar da Turanci take, Turancin ma na manyan asibitoci. Ma'aikacin lafiya na matakin farko da ke ƙaramin asibitin unguwa, da mai taimaka wa nas, da ungozoma, su ne suka fi kusa da talaka, su ne kuma aka fi mantawa. A fassara ta da Yarbanci da Hausa, a zauna da mutane a tabbatar abin da aka tambaya shi suka fahimta.

Na uku, sirri. Idan shugabar sashe za ta gane rubutun wanda ya ce yana tsoron faɗar gaskiya, to kowa zai rubuta 0 ya zauna lafiya, a fito da sakamako a ce babu matsala. Kada a sa suna, kada mai gidan ya zama shi ne mai tattarawa.

Na huɗu, kuma shi ne babba. Wa ake ɗorawa a sikelin? Mun san yadda ake yi a ƙasar nan. A zo a raba takardu, a cika, wani ya samu digiri da su, a jibge a kabad. Ko kuma a ga maki ya yi yawa sai a kira ma'aikata taron bita na kwana ɗaya, a raba musu lemo da biskit, a koya musu yadda ake jan numfashi da juriya. Wannan cin fuska ne. Mutum ya ce maka ɗakinsa na yoyo, kai kuma ka koya masa yadda zai saba da jiƙa. Idan nas ta samu maki mai yawa, asibitin ne ya faɗi jarrabawa. Duk awon da ba a bi shi da gyara ko ɗaya ba, ƙarin ƙuna ne, domin ka sa mutum ya tono abin da ya binne ka kuma tafi ka bar shi da ramin.

Idan ɓera da sata

Saura namu. Laifi tudu ne, mun taka namu muna hango na asibiti. Cikin tambayoyin nan 27 akwai waɗanda ba gwamnati suke nunawa ba, dangin majinyaci suke nunawa, wato mu.

Mu ne muke ajiye mara lafiya a gida sati biyu, daga kemis zuwa mai ganye, sai ya daina magana mu ɗauko shi a guje, idan ya cika a bakin ƙofa mu ce sun kashe shi. Mu ne likita zai ce a yi wa mace tiyata yanzu-yanzu a ciro ɗa, mu ce ba mai sa hannu sai maigidanta, maigidan kuwa yana kan tirela tsakanin Jebba da Mokwa waya ba ta shiga. Nas tana tsaye tana jin bugun zuciyar jariri yana raguwa, uwar matar na zaune, yayanta na zaune, ita kanta matar da hankalinta, amma an ce a jira. Mu ne za a ce ana neman jini, majiya ƙarfi goma suna tsaye a baranda, kowa ya ce shi bai karya ba. Mu ne muke jan likita gefe mu ce kada ya kuskura ya gaya wa Baba abin da ke damunsa, Baba kuwa kullum yana riƙe hannun nas yana tambaya, "'Yata, gaya mini gaskiya, zan tashi?" alhali yana da bashi da wasiyyar da yake so ya bari. Mu ne muke cire ƙarin ruwa mu tafi da majinyaci gida cikin dare domin wani ya ce a kai shi Arewa.

'Ya'yanmu da ke aiki a asibitocin Kudu kuwa kayansu biyu ne. Da an kawo Bahaushe sai a ce a kira waccan mai jin yarensu, ta bar nata marasa lafiyar ta zo tafinta, ita ce za ta faɗi kuɗin da ba ita ta yanka ba, ita ce za ta faɗi mutuwar. Mu kuma mu kira ta a waya ƙarfe ɗaya na dare mu ce ga mu nan tafe, ki sa a tsallake da mu layi. Idan ta yi, ta zalunci Bayarbiyar da ta riga mu zuwa. Idan ta ƙi, gobe a majalisa a ce 'yar gidan wane ta yi boko ta manta da mutanenta. Shekara nawa muna kukan ba mu da namu a asibiti, muna roƙon iyaye su bar 'ya'ya mata su karanta aikin jinya? Ga su mun samu, kuma da hannunmu muke tura su filin jirgi.

Abin da muke nema

Muna roƙon kwamitin unguwa, da girmamawa, ya sake kiran yarinyar nan a zama mai zuwa, a ba ta lokaci ta gama maganarta. A bar ta ta tara ma'aikatan lafiyar da ke cikinmu da na asibitocin da muke zuwa, Hausawa da Yarbawa da kowa, su cika takardar ba suna, tare da ƙarin tambayoyin da suka dace da nan. Idan sakamako ya fito a raba shi gida biyu. Abin da ya shafi asibiti da hukuma, shugabanninmu su ɗauka su kai da kansu, su da ake jin maganarsu a fada da sakatariya, su kuma koma bayan wata shida su tambayi me aka yi. Abin da ya shafe mu, a karanta mana shi a masallaci.

Kafin nan ma akwai abin da ba sai mun jira kowa ba. 'Yan canji, da mahauta, da 'yan goro, da direbobi, kowace ƙungiya tana da asusu. A ware wani abu na gaggawa, a damƙa wa amintattu biyu ko uku da wayarsu ba ta mutuwa da dare, yadda ba za a sake yawo da leda ana neman kuɗin jini har asuba ba. Matasanmu su je a gwada jininsu, a rubuta sunan masu niyyar bayarwa da rukunin kowa. Duk magidancin da zai yi tafiya ya bar mace da tsohon ciki, ya faɗa a gaban shaidu wanda zai sa hannu a madadinsa, ya kuma gaya wa matar cewa ita ma tana da ikon sa wa kanta. Malamanmu su taimaka da wannan a wa'azi, domin daga bakinsu aka fi ji.

Ga ɗan uwanmu mai wasiƙa kuwa, ba mu ce ka janye ko kalma ɗaya ba. Mai yiwuwa wadda ka haɗu da ita a daren nan ta yi sakaci, idan haka ne muna tare da kai har inda za a bi maka haƙƙinka. Mai yiwuwa kuma ta tsaya ne a bayan ƙofar da aka kulle, kamar 'yarmu. Mu ba mu sani ba, kai ma ba ka sani ba, kuma muddin ba a tambaya ba haka za mu yi ta binne mata muna tsine wa wanda ya fi kusa da hannunmu. Zaman kwamiti na gaba ranar Lahadin farko ta wata ne, bayan la'asar. Muna fatan ganinka, kujera ɗaya da yarinyar nan.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sassauta wa masu jinyarsu.